Sauke ƙaramin jirgi a filin daji: jagora ga matuƙi da mai jiransa a ƙasa

Ƙarshen watan Satumba ne, damina ta fara ja da baya. Na tashi daga Kaduna da ƙaramar Cessna mai kujera huɗu, ni da wani injiniyan ban-ruwa, za mu wata gona da ba ta kai tafiyar awa guda a sama ba. Kafin mu tashi na buga wa manajan gonar waya, ya ce, "Fili lafiya lau, Kyaftin, ku taho." Daga sama kuwa ciyawa shar, an yanke ta, babu saniya babu mutum. Na zagaya sau ɗaya na sauko. Tayoyin baya suka taɓa daidai inda na nufa, gudu ya fara raguwa, har na fara sakin jiki. Can wajen kashi biyu cikin uku na filin sai tayar gaba ta nutse a taɓo kamar an riƙe ta da hannu. Hancin jirgi ya duƙa, farfela ta sari ƙasa, wutsiya ta ɗaga sama ta dawo ta faɗi. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba mu yi ba, amma jirgin ya yi watanni bai tashi ba.

Muna tsaye muna kallon farfelar da ta lanƙwashe kamar lauje, sai tsohon da ke gadin gonar ya matso ya ce, "Sannu Kyaftin. Ai nan makwancin ruwa ne, ɗana. In an yi ruwa ko babur ba ya bi sai an kwana huɗu." Shekaranjiya aka yi ruwan. Manajan yana ofis a cikin gari lokacin da na kira shi. Wanda ya san filin yana nan zaune a gindin ɗorawa, ba wanda ya tambaye shi.

Yawancinmu a Zariya muka koyi tuƙi, a kwalejin da aka kafa tun 1964. Can kwalta ce shimfiɗe, ga hasumiya tana gaya maka inda iska take, ga motar kashe gobara a tsaye. Sai ka gama ka samu aikin feshin tsuntsun jan-baki, ko kai likita wani asibitin karkara, ko jigilar masu gona, ka tarar da filin da aka share da gireda shekara biyar da suka wuce, tun daga ranar kuma ba a sake waiwayarsa ba. Don irin wannan matuƙi na rubuta wannan, da kuma wanda zai tsaya a ƙasa ya karɓe shi. Karatu ba ya maye gurbin malami. Filin daji na farko da za ka sauka, ka je da wanda ya saba, ya zauna a kujerar dama.

Da farko: nemi mai ƙafa a filin

Kada ka karɓi "lafiya lau" daga bakin wanda bai taka filin ba a ranar. Ka nemi mutum ɗaya, ka san sunansa, ka riƙe lambarsa, ka roƙe shi ya bi filin da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, ya tafi ta gefe guda ya dawo ta ɗaya gefen. Tambayoyin da za ka yi masa su zama waɗanda ba a amsa su da "babu komai". Yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, kuma ya jiƙa sosai ko yayyafi ne? In ya danna dunduniyarsa da ƙarfi tana shiga ƙasa? Ciyawa ta kai idon sawu, ko ƙwauri, ko gwiwa? Akwai sabon suri? Gara kan gina tudu cikin 'yan makonni, ya bushe ya yi tauri kamar siminti, ciyawa kuma ta rufe shi. Akwai ramin gafiya ko na dabgi? Ruwa ya ci wani wuri ya yi kwazazzabo? An yi kunyoyi an shuka wani abu a bakin filin?

In akwai mota, gwajin da na fi yarda da shi ke nan: a sa a-kori-kura ta bi tsakiyar filin da gudun kilomita 60 zuwa 70, direban ya faɗi inda ya ji ta yi tsalle ko ta ja gefe, a kuma duba ko tayoyin sun bar sawu mai zurfi. Filin da mota ba za ta iya wannan gudun a kai ba, jirgi ba shi da abin yi a wurin.

Sai mutane da dabbobi. Fili shimfiɗaɗɗe a ƙauye ba ya zama banza. Da kaka ana shanyar masara da barkono a kai, da yamma matasa na kafa sandunan gola, masu babur sun mayar da shi hanya, wani lokaci ma burtali ne ya ratsa ta tsakiya. Ba laifinsu ba ne, jirgi sau biyu yake zuwa a shekara. A je a gaida mai unguwa ko dagaci tun jiya, a gaya masa lokacin, a roƙi arziki ya sa a yi shela, a kuma yi magana da arɗo saboda shanu. Mutum huɗu da mai unguwa ya tsayar sun fi ƙarfin duk wani shawagin da za ka yi don korar jama'a.

Maganar izini gajeriya ce amma ba a tsallake ta. Filin ya zama hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta san da shi, ka shigar da tsarin tafiyarka wurin hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, ka karɓi bayanin yanayi daga hukumar hasashen yanayi, NiMet. Halin tsaro a yankinmu ya sa jirgin da ya sauka a daji ba da sanin hukuma ba abin zargi ne, har gwamnatin tarayya ta taɓa hana shawagin jirage a sararin Zamfara a watan Maris na 2021. Ka tabbatar jami'an tsaron yankin sun san da zuwanka, ka kuma tambayi mutanen wurin ko an kwana lafiya a dajin da ke kewaye.

Lissafi, tun kana gida

A nan zan daɗe, domin a nan ne aka fi yin sakaci.

Littafin jirginka yana da jadawalin nisan sauka da na tashi. Waɗannan lambobi ƙwararren matuƙin gwaji ne ya samo su, da sabon jirgi, a kan busasshiyar kwalta. Kai ba shi ba ne, filinka kuma ba kwalta ba ne. Dole ka yi musu ƙari.

Fara da zafi da tudu. Kaduna da Zariya suna wajen ƙafa 2,000 ne sama da teku. A ma'aunin da masu ƙera jirgi ke aiki da shi, zafin bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, wato a tsayin Kaduna ana sa ran digiri 11. To da azahar a watan Afrilu ma'auni na iya nuna 38. Bambancin digiri 27 ke nan, kowane digiri kuma yana ƙara wa tsayin da jirgi yake ji kusan ƙafa 120. Ka ninka, ka samu 3,240, ka haɗa da 2,000. Jirginka yana ƙasa a Kaduna amma inji da fiffike suna jin kamar suna ƙafa 5,200, sama da filin jirgin Jos. Iska ta yi sirara, inji ba ya samun abin shaƙa yadda ya kamata, farfela ba ta kama iska sosai. Agogon gudu zai nuna maka lambar da ka saba, amma a ƙasa gudunka ya fi haka, don haka za ka ci fili fiye da yadda ka saba, a sauka da tashi duka. Wanda zai je tsaunukan Filato ko Mambila, abin ya fi haka tsanani.

Sai fuskar ƙasa. Hukumar jiragen sama ta Ingila tana ba ƙananan matuƙa shawarar ƙarin da ni ma nake aiki da shi: busasshiyar ciyawa kashi 15 cikin 100 a kan nisan sauka, jiƙaƙƙiya kashi 35, in gajeriya ce mai santsi har kashi 60. Gangaren kashi 2 cikin 100, wato mita 2 a kowace mita 100, yana ƙara kashi 10. Bayan duk wannan sai a ninka da 1.43 saboda kuskuren ɗan Adam. Ƙarin kuma ninkawa ake yi ɗaya bisa ɗaya, ba tarawa ba.

A ce littafi ya ba ka mita 450 don sauka ta kan bishiya mai ƙafa 50, bayan ka saka zafi da tudu. Da sassafe ne, raɓa ta jiƙa ciyawa: ka ninka da 1.35, ya zama 607. Filin yana ɗan gangara ta inda za ka sauka: ka ninka da 1.1, ya zama 668. Sai 1.43, ya kai kusan mita 955. In filin mita 700 ne, amsar ta fito tun kana kan tabarmarka. Ko ka jira rana ta busar da raɓa, ko ka rage kaya, ko ka sauka ta ɗaya bakin, ka sake lissafi ka ga ko ya isa, in bai isa ba a bi mota.

Iskar baya mugu ce fiye da yadda ake zato. Littafin Cessna 172 ya ce kowane not 2 (not shi ne ma'aunin gudun iska da na jirgi) na iskar baya ya ƙara kashi 10, alhali sai iskar gaba ta kai not 9 kafin ta rage maka kashi 10. Iskar da da ƙyar take kaɗa ganyen maina, in daga bayanka take, ta isa ta kai ka cikin gonar dawa.

Kafin ka rufe littafin, yi lissafin fita. Jirgi yakan sauka a filin da ba zai iya tashi daga shi ba, musamman in an shiga da sanyin safiya za a fita da rana tsaka, an kuma ƙara buhun shinkafa biyu tsaraba. Ƙarin nauyi kashi 10 yana ƙara wa nisan tashi kusan kashi 20. Ka faɗa wa masu masauki tun da wuri kilo nawa za ka iya ɗauka, don kada a zo ana roƙo a gindin fiffike.

Mai kuma ya zama na zuwa da dawowa, da ƙarin da zai kai ka wani filin kwalta. Doka ta yarda da rarar minti 30 da rana, ni awa guda nake bari. Matuƙin da mansa ya yi ƙasa ba ya iya fasa sauka, ko ya ga abin da bai gamshe shi ba.

Lokacin tafiya

Kowane yanayi da irin tarkonsa. Da hunturu hazo ne. Kana iya ganin ƙasa tar in ka duba ƙarƙashinka, amma da ka juyo ka fuskanci fili, ka duba gaba ta cikin ƙura, sai komai ya ɓace, balle in rana ta yi ƙasa tana dukan gilashi. In gani bai kai kilomita 5 ba, filin da ba shi da na'ura ba wurin zuwa ba ne. Da bazara zafi ne da guguwa, wadda kan taso a kan fili da rana ta jefa ƙaramin jirgi gefe yana dab da taɓa ƙasa. Da damina hadari ne, yawanci daga gabas, iskarsa kan riga ruwan isowa da nisa, ta juya cikin minti kaɗan. Kada ka yi tsere da hadari zuwa fili.

Safiya ta fi, bayan raɓa ta ɗaga. Yamma kuwa ka sa wa kanka iyaka mai tsauri. A nan duhu ba ya jira, minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwar rana an gama. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba a lokacin, ya faɗi da Cessna Caravan kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba 2012, shi ne a kan tuƙi, kuma cikin abin da masu bincike suka ambata har da tafiyar gani-da-ido, wato tuƙi da ido ba da na'ura ba, bayan rana ta faɗi. Wannan filin babban birni ke nan ake nufa. Filin daji ko fitila ɗaya babu. Ni in ban ga zan taɓa ƙasa awa guda kafin magariba ba, kwana nake yi inda nake.

Ka iso: duba sau uku

Zagaye na farko a ƙafa 1,000. Tabbatar filin ne, domin sabuwar hanyar burji da fili kama suke yi daga sama. Dubi duwatsu, da dogayen bishiyoyi irin giginya da maɗaci a bakin filin, da eriyar kamfanonin waya. Wayar lantarki ba a ganinta, turakunta ake nema, in ka ga biyu a jere ka ɗauka akwai waya tsakaninsu. Nemi iska: hayaƙin girki, ƙura, yadda ruwan tafki ya kwanta sumul ta gefen da iska ke fitowa. In mutuminka na ƙasa zai hura ɗan hayaƙi da ɗanyen ganye a gefe, nesa da busasshiyar ciyawa, ya taimaka ƙwarai, ko ya ɗaura dogon ƙyalle a kan gora. Ka lura, inda ake ƙona daji shirwa na taruwa, inda shanu suke akwai balbela.

Na biyu a ƙafa 500, ka bi tsawon filin kana riƙe da shi ta gefen tagarka. A nan za ka auna tsawo da agogo. Gudun not 60 a ƙasa kusan mita 30 ne a daƙiƙa guda, don haka in GPS ya nuna 60 ka ƙirga daƙiƙa 20 daga baki zuwa baki, fili mita 600 ne. In 90 kake yi, mita 45 ne a daƙiƙa. Sau da yawa filin da aka ce maka "ya kai kilomita" a nan yake komawa mita 650.

Na uku ƙasa-ƙasa, kamar ƙafa 100, da ɗan filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa don a iya tafiya a hankali), da gudun da ya ba ka rata sosai. Launi kake karantawa. Ciyawar da ta fi sauran duhun kore, ruwa ne a ƙarƙashinta, wannan shi ne abin da na gani a ranar nan ban fahimta ba. Baƙar ƙasa mai sheƙi laka ce. Fari fat yashi ne, yana riƙe taya. Ja mai tsakuwa marmara ce, ita ce abokiyar tafiya. Amma ka tuna kai ne ke tuƙi. An yi asarar jirage da dama a wannan zagaye, matuƙi ya zuba ido a ƙasa, gudu ya zube, fiffike ya saki iska a inda babu tsayin da za a farfaɗo. Kallo ɗaya waje, kallo ɗaya agogon gudu.

Kafin ka bar zagayen nan ka zaɓi alamu biyu a ƙasa, ka faɗe su da baki ko kai kaɗai ne. Ta farko inda tayoyi za su taɓa. Ta biyu inda za ka fasa in ba su taɓa ba, misali "daidai kukar nan ta hagu". Kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na filin.

Akwai filayen da ƙofa ɗaya gare su, an jingina su da dutse ko tudu, irin yanayin da ake gani wajen tsaunukan Kagoro. Irin waɗannan ana sauka ana hawan tudu, a tashi ana gangarowa, kusan ko ina iska take. Wurin fasawa a nan yana can baya, tun kafin ka iso bakin fili, domin in ka wuce shi jirgin ba zai iya haye abin da ke gaba ba. Kada ka fara shiga irinsu ba tare da wanda ya san su ba.

Saukowa

Fasinja su ɗaure bel tamau, a ɗaure kaya, a yi shiru. Gudun saukowa shi ne wanda littafi ya bayar don gajeren fili, wanda yake wajen ninki 1.3 na gudun da fiffike ke sakin iska. In iska na bugawa tana saki, ƙara rabin bambancin kawai. Tsoro kan sa sabon matuƙi ya ƙara not goma "don kariya", ga shi kuwa ƙarin gudu kashi 10 yana ƙara nisan tsayawa da kusan kashi 20, jirgi ya yi ta shawagi a saman fili ya ƙi zama, fili yana ƙarewa.

Ido ma yana ruɗi. Siririn fili yana sa ka ji kamar ka yi sama da yawa, sai ka sauko ƙasa fiye da kima ka nufi bishiyoyi. Fili mai hawa haka yake yi. Mai gangara kuma akasin haka, ka ji kamar ka yi ƙasa, ka zo a sama ka wuce alamarka. Maganinsa ka tsayar da alamar taɓawa a wuri ɗaya a gilashi. In tana hawa sama, ba za ka kai ba. In tana zamewa ƙasa, za ka wuce.

A ƙafa 500 ka tambayi kanka: gudu daidai, saiti daidai, filaf ya sauka, fili babu kowa? Ɗaya ya ɓaci, ka fasa.

Wajen taɓawa, tayoyin baya ne farko, sitiyari yana dawowa ciki a hankali har ƙarshe, tayar gaba tana sama muddin za ta iya. Ita ce mafi rauni a jirgin, ita ce ke nutsewa ta kifar da shi. In ƙasa mai tauri ce kuma gajeriya, taka birki da ƙarfi amma kada taya ta daskare, domin a kan ciyawa ko tsakuwa tayar da ta daskare sulɓi take yi. In mai laushi ce, bar birki, ƙasar da kanta za ta tsayar da kai, ka riƙe ɗan totur kada ka tsaya cak sai ka kai wuri mai tauri. In jirgi ya yi tsalle ya dawo da hanci, ya sake yin wani, kada ka tura sitiyari gaba don ka danne shi. Tsalle na uku ne ke karya ƙafar gaba. Ba shi wuta ka tashi.

Fasa sauka, da abin da ke hana mu

Yadda ake yi ba wuya: totur duka, a rufe iskar ɗumin kafireto, ƙafar dama a kan feda, a danne hanci kada ya ɗaga da yawa saboda saitin da aka yi na sauka, a rage filaf zuwa digiri 20 a jirgi irin 172, sauran a janye a hankali bayan gudu ya samu an haye bishiyoyi. Duk ɗalibi ya iya wannan.

Abin da ke da wuya kunya ce. Ka duba ƙasa ka ga gari ya fito, ga hakimi a kan kujera, ga makaɗa, ga yara an jera. Alhaji yana bayanka yana duba agogo, ɗaurin aure ƙarfe biyu. Zuciya ta ce in ka sake zagayawa za a ce yaron bai iya ba. Da wannan tunanin ake danna jirgi ƙasa a tsakiyar fili da gudun da ya wuce kima. Mafi munin hali kuma shi ne shawara biyu: ka taɓa a makare, ka taka birki, ka ga ba zai tsaya ba, sannan ka ba shi wuta. A lokacin ba ka da filin tsayawa, ba ka da gudun tashi. In ka riga ka taka birki gudu ya faɗi, zauna a ƙasa. Shiga ciyawar ƙarshen fili da gudun keke ya fi dukan bishiya da gudun tashi nesa ba kusa ba.

Dabarar da ta yi mini amfani ita ce in kashe kunyar tun a Kaduna. Kafin a rufe ƙofa nakan juya in ce, "Ranka ya daɗe, filin da za mu na daji ne. Zan zagaya sau uku in duba. Mai yiwuwa in sauko in sake tashi, wannan aiki ne, ba matsala ba ce. In bai yi mini ba, za mu dawo." Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, manya sun fi mu sanin haka. Na kuma sa wa kaina doka: gwaji biyu. In na fasa sau biyu, ba na yin na uku.

Bayan an tsaya, da fita

Kashe inji tun jama'a ba su matso ba. Farfela mai juyawa ba a ganinta, yara kuma da gudu suke zuwa. Mai jira a ƙasa, wannan aikinka ne: kowa ya tsaya bayan layin da ka ja har sai farfela ta tsaya cak matuƙi ya buɗe ƙofa. Ko bayan nan kada a bar kowa ya taɓa ta, in wayar magneto, na'urar da ke ba inji wuta, ta tsinke inji na iya kamawa da juyi ɗaya. In za a kwana, a ɗaure jirgi, a sa mai gadi, domin shanu na soshe jiki da fiffike.

Kafin tashi, taka filin da ƙafarka, ka kafa alama a tsakiyarsa. In ka iso alamar ba ka samu kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, janye totur ka tsaya. Jirgin da ke tashi a not 55, ana neman 39 a tsakiya. Tsiyaye mai daga ƙasan tankuna ka duba ruwa, musamman in daga duro aka zuba. Gwajin inji kada a yi shi a kan tsakuwa, farfela na tsotso ta ta sassare bakinta.

In abin ya faru

In ka ga ba makawa za ka fita daga fili, ja makashin mai, ka nufi tsakanin bishiyoyi biyu, fiffike su sha dukan. A ɗan buɗe ƙofa kafin karo don kada ta maƙale. Da an tsaya: rufe mai, kashe magneto, kashe babban makunni, kowa ya fita ya nufi inda iska ke fitowa. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ciccibe shi sai in wuta ake tsoro, in dole ne a ɗauke shi a miƙe a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa.

Mai jira a ƙasa, ka hana jama'a matsowa, ka hana sigari, ka hana kowa zuwa da galan. Man ƙananan jiragen nan, mai launin shuɗi, yana kamawa da ƙyas ɗaya, kuma akwai dalma a cikinsa. Matuƙi ya duba ko na'urar neman agaji mai aiki a kan megahaz 406 ta kunna kanta, in ba ta yi ba ya kunna da hannu, ya yi kira a zangon rediyon gaggawa na 121.5, jiragen da ke wucewa a sama suna saurare. A zauna kusa da jirgi, shi ake hangowa daga sama.

Kada a ja jirgin da tarakta, kada a kwance komai, sai abin da ceton rai ya tilasta. A ɗauki hotuna, har da sawun tayoyi tun daga inda suka fara taɓawa, a sanar da hukumar bincike ta NSIB, a jira izininta. Farfelar da ta sari ƙasa kuma, ko lanƙwasar ba ta fi faɗin yatsa ba, ba a kai ta wurin mai walda a miƙe. Dukan yana shiga har cikin ƙarfen inji ya bar tsagar da ido ba ya gani, shi ya sa masu ƙera injin suka wajabta a buɗe shi a bincika. Namu a kan tirela ya dawo Kaduna, fiffike a kwance a gefe. Da aka gyara filin, tsohon nan mai gadi ne ya nuna wa masu aiki inda za su haƙa magudana su zuba marmara, kuma lambarsa ce nake kira duk ranar da zan koma.